Hoton da Na Goge

A 2021, bayan na gama difloma ta aikin jarida, na samu gurbin sanin makamar aiki a sashen hulɗa da jama'a na wata ƙungiyar agaji a Gadarif. Aikina na farko shi ne tallata wasan ƙwallon ƙafa a sansanin Um Rakuba, inda aka tsugunar da 'yan gudun hijirar Tigray tun Nuwamban 2020. An shirya wasan ne don Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya, 20 ga Yuni.

Damina ce, fili duk laka. Wani saurayi ba takalmi ya ci ƙwallo biyu. Na ɗauke shi hoto yana murna, na ce yau zan burge oga.

Da aka tashi sai ya biyo ni da tafinta. Ya ce, "Ɗan'uwa, mahaifiyata tana Humera. In hoton nan ya fita, ban san abin da zai same ta ba."

Na goge a gabansa. Na tura wa ofis hoton ƙafafu cikin laka, aka ce ba armashi, na sha faɗa.

Yanzu a rediyo nake. Kafin na naɗi muryar kowa, sai na tambaye shi wa ya baro a gida.