Na Hau Dutsen Kufena da Kyamarar Aro

Kyamarar ba tawa ba ce. Ta yayana ce, wata tsohuwar Canon da yake ɗaukar hoton biki da suna da ita, kuma daga cikinta rabin kuɗin makarantata ke fitowa. Sati biyu ina roƙo kafin ya miƙo mini. Yana rataya mini ita a wuya ya ce, "Ƙanena, in kai ka faɗo, kai kaɗai za a kai asibiti. In ita ta faɗo, gidan nan gaba ɗaya ya kwanta." Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka tashi daga Samaru, mu shida 'yan aji ɗaya, muka nufi Wusasa. Duk wanda ya zauna a Zariya ya san Kufena ko daga nesa, ƙaton dutsen nan da ke yamma da birni. Masana tarihin Zazzau suna ambatonsa tare da Turunku cikin tsofaffin wuraren da mutane suka zauna. Kusa da shi Wusasa take, inda tsohon cocin nan na ginin ƙasa da aka yi a 1929 yake, kuma inda Janar Yakubu Gowon ya tashi. Wani dattijo da muka tarar a bakin gonarsa ya amsa gaisuwarmu, ya dubi takalmanmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa mai silifas a cikinmu, "Ɗana, wannan ba na hawa ba ne." Haka muka bar shi a ƙasa yana gadin jakunkuna.

Ba mu da igiya, ba mu da hular kwano irin ta masu hawan dutse da nake gani a YouTube. Namu hawan na tafin hannu ne da gwiwa. Akwai inda za ka yi tafiya a miƙe, akwai inda dutsen zai tilasta maka rarrafe kamar jariri.

Kuskurena na farko shi ne na tsaya a baya. A tunanina mai hoto shi ne na ƙarshe, ya bar mutane su wuce ya ɗauke su. Da na duba abin da na ɗauka a rabin sa'ar farko, babu komai sai bayan mutane da ƙasan takalma. Fuska ko ɗaya babu. Sama ta fito fari fat, mutanen kuma baƙi ƙirin, domin kyamara ta auna hasken sararin ta manta da su. Abin da ya fi ba ni haushi, gangaren da ya sa ƙirjina ke bugawa ya fito a hoto kamar filin ƙwallo. In ka ɗaga kyamara daga ƙasa kana kallon sama, tsayin dutse ɓacewa yake yi.

Sai na gane dole in riga su hawa, in samu gefe ko sama, in jira su. Wato aikina ya ninka nasu. In zan hau, kyamara na cikin jaka a bayana, hannuwana biyu a sake. In na samu wurin da zan iya zama daram, sannan in fito da ita, in naɗa igiyarta a wuyan hannu. Daga sama komai ya canza. Ga fuska, ga yatsu suna laluben tsaga, ga gonaki da rufin kwano can ƙasa sun zama ƙanana, su ne ke shaida wa mai kallo nisan da aka taso.

Yaya ya koya mini abu ɗaya kafin in fito: saurin ƙiftawar kyamara. A wurin biki amarya zaune take. Mai hawa kuwa hannunsa ba ya tsayawa, kai ma mai ɗauka numfashinka na sama-sama, hannunka na rawa. Na sa ta a kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, hotunan suka daina fitowa dishi-dishi. Hasken safiya ma ya taimaka. Rana tana ƙasa, tana bugun dutsen ta gefe, kowace tsaga da kowane ƙulli na da inuwarsa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wannan duk ya tafi, dutsen ya zama fari mai kashe ido, ga zafi a tafin hannu. Na kuma gwada wata dabara ta ƙarya, na karkata kyamarar don gangaren ya ƙara tsanani. Bishiyoyin da ke bayan hoton suka tona mini asiri, duk sun fito a kwance.

A wani wuri mai santsi kusa da ƙoli abin ya faru. Akwai abokina da tun daga ƙasa yake cewa shi fa tsoron tsayi yake yi, mu muka matsa masa. Ina sama da shi, idona ɗaya a rufe, ɗaya a cikin kyamara. Ina so hannunsa da fuskarsa su shiga tare, sai na ja da baya taku ɗaya ba tare da na duba ba. Mai leƙe ta kyamara ba ya ganin inda ƙafarsa take. Tsakuwa ta gangara ƙarƙashin dugadugina, na zauna daɓas, na zame kamar kamu biyu kafin takalmina ya ci karo da wata tsaga. Ban san lokacin da na rungume kyamarar a ƙirji ba, gwiwar hannuna ce ta sha dutsen. Marfin gilashin ya fice daga aljihun rigata, muna jin ƙararsa, ƙwas, ƙwas, har ta ɓace. Babu wanda ya yi magana. Shi mai tsoron ne ya rarrafo ya riƙe mini ƙafa har na gyara zama.

A ƙoli mun zauna mun ci gurasa da ƙuli-ƙuli, Zariya a shimfiɗe gabanmu cikin ɗan hazo. Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba a can. Hannuna bai daina rawa ba sai da muka sauko.

Da daddare Yaya ya fara duba gilashin da fitilar waya, sannan ya dubi gwiwar hannuna, sannan hotunan. Sun haura 200, yana wucewa yana goge su ba ko tausayi. Ya tsaya a kan ɗaya, wanda na ɗauka daƙiƙa kaɗan kafin in zame. Abokina ne, haƙoransa a cije, jijiyoyin hannunsa sun fito, idonsa a kan tsagar da zai kama. Na tura masa a WhatsApp, ya ce kada in kuskura in sa a ko'ina, mahaifiyarsa ba ta san ya je ba. Ban sa ba.

Yaya ya ce kuɗin marfi a kaina yake. Akwai ɗaurin aure Asabar mai zuwa, zan riƙe masa fitila har in biya.