Baƙo Raɓa Ne

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma labarin wani kwali zan ba ku.

A ƙarshen 2021 na isa Shefild, garin maƙeran ƙarfe na Ingila, domin karatun digiri na biyu. Kaɗaici da sanyi suka kore ni daga ɗaki, har na gano wata maƙerar gayya a cikin wani tsohon sito. Tsarinta mai sauƙi ne: kowa ya biya kuɗin wata, a ba shi makulli, ya shigo lokacin da ya ga dama ya yi aiki da injin yanka katako, na walda, keken ɗinki, da sauransu. Babu oga, babu yaro. Da kuɗin watan ake biyan haya da wuta, shara da gyaran inji kuma aikin sa kai ne. Ni da na tashi kusa da Panteka a Kaduna, ƙarar guduma kaɗai ta isa ta ɗebe mini kewa.

Lokacin ana tsakiyar yayin mayar da motar kaya ta zama gida. Kullen korona na 2020 ya sa mutane da yawa sun gaji da zaman ɗakin haya, sai su sayi tsohuwar Ford Transit ko Mercedes Sprinter, su kawo ta farfajiyarmu. Aikin ba wasa ba ne. Sai an kankare tsatsa, an yanka ƙarfe an sa tagogi, an cusa abin tare sanyi a bango, sannan a rufe da falanki. Daga nan a ja wayoyi zuwa batir mai bolt 12 da faifan sola na kan rufi, a kafa gado, tebur, murhu da ma'aji. Duk ana yi ana lissafin nauyi, domin lasisin tuƙi na gama-gari bai yarda mota ta wuce kilo 3,500 ba.

Abin da na lura da shi shi ne, masu motocin nan sun fi kowa zuwa, sun fi kowa tambaya, sun fi kowa cinye bakin zarto. Wata shida, wata takwas, kullum suna nan. Ran da aka ɗaura ƙusa ta ƙarshe kuwa, sai a yi hoto, a rungumi juna, mutum ya nufi tsaunukan Sikotland. Wata mai zuwa ka ji ya daina biya. Da hannunmu muke taya su ƙera abin da zai raba mu da su.

Abin ya fi cin raina a kan wata ma'aikaciyar jinya. Ta zo ba ta san bambancin ƙusa da noti ba. Ni na koya mata riƙe injin huda, na kashe Asabar ɗina wajen bakwai a cikin motarta, har muka saba, tana kawo mini shayi tana tambayar yadda ake gaisuwa da Hausa. Motar na kammaluwa ta ajiye makulli. A watan ne aka ƙara mana haya, kuma mutum uku kacal suka rage masu iya koyar da sababbi aiki da babban injin katako.

A taron wata na miƙe da zafina. Na ce a hana masu mota shiga, ko a ɗaure su da yarjejeniyar shekara biyu. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe da nake kira Baba, bai ce komai ba har aka tashi. Muna share ƙurar katako sai ya tambaye ni, cikin sanyin murya:

“Kai yaushe bizarka za ta ƙare?”

Na yi tsit. Bizar shekara biyu da ake ba waɗanda suka gama karatu nake shirin nema, bayanta kuma gida zan koma. Ashe ni ma tafiyar nake haɗawa, tawa dai ba ta da taya. Laifi tudu ne, na take nawa ina hango na wasu.

Baba ya ja ni bayan ma'ajin katako, ya zaro wasu manyan kwalaye da aka yanka a lanƙwashe. Bangon motar kaya ba miƙaƙƙe ba ne, kuma fitar da lanƙwasarsa a kan falanki, musamman wajen tudun taya, yakan ci wa sabon shiga kwanaki da asarar katako. Matar nan da nake zagi a zuciyata ta yanka ma'aunin kowane lungu na Transit a kwali, ta rubuta lamba a jiki, ta haɗa da ɗan littafi. A shafin farko ta yi gargaɗi kan raɓar da numfashin mai barci ke tarawa a jikin ƙarfe cikin dare, yadda ta jiƙe mata bango har ta kwance aikin mako biyu. Kafin in bar garin, da idona na ga mota uku da aka yi da kwalayen nan.

Shawarata ba ta karɓu ba, kuma gara da aka yi haka. Abin da aka amince da shi shi ne, mai mota ya biya kuɗin filin da ya tare, kuma kafin ya tafi ya koya wa mutum ɗaya abu ɗaya. Matsalar haya ba ta kau ba, amma masu koyarwa sun ƙaru.

A Panteka ma ai haka ake yi: yaro ya koyi aiki, a yaye shi, ya buɗe rumfarsa, ba wanda zai ce ya ci amana. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Na daɗe ina jin karin maganar a matsayin habaici, sai a can na tuna ko raɓar ma takan jiƙa ciyawa kafin rana ta ɗauke ta.

Satin da zan taho, na zauna na rubuta yadda ake sauya bakin babban zarton, mataki goma sha ɗaya, na manna a bango saitin injin. Ban sani ba ko takardar na nan har yau. Allah ya sa wani ya karanta kafin ya kai hannu.