Daga Kwanar Dawaki Hanya Ta Rabu Biyu

Idan ka bar Kano ta titin Zariya, ba za ka yi nisa ba za ka iso Kwanar Dawaki, inda ake karkatawa a nufi garin Dawakin Kudu. Can muka dosa a hutun da ya wuce, mu 'yan jami'a da muke zagaya makarantu muna tattaunawa da ƙannenmu 'yan aji uku na ƙaramar sakandare.

Dawakin Kudu gari ne na manoma, gonakin dawa da gero sun sa hanya a tsakiya. Amma abin da ya fito da sunansa a fagen ilimi shi ne makarantar kimiyya ta maza da gwamnatin Jihar Kano ta buɗe a 1977, tare da takwararta ta Dawakin Tofa. A lokacin jihar na fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta, sai aka yanke shawarar a zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa, a tara su a makarantar kwana, a ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje. Da yawa daga cikin likitocin da ke duba iyayenmu a yau ta nan suka biyo.

Da muka bar garin sai muka ɗauki hanyar burji zuwa wata sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye. Ɗalibai sun cika aji maƙil, wasu a kan benci, wasu a kan tabarma. Muka tambaya, su wa ke son aikin likita ko jinya? Hannuwa suka tashi sama, har da na 'yan matan da ke zaune a baya. Malaminsu ya yi murmushi, daga baya ya ja mu gefe ya ce makarantar ba ta da malamin Fizis, ɗakin gwaje-gwajen kuwa an mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Don haka duk wanda ya shiga aji huɗu a nan, ajin adabi ko na kasuwanci zai zauna, ko yana so ko ba ya so.

A takarda ana cewa ɗalibi ne ke zaɓar ɓangarensa. A ƙauyen nan makaranta ce ke zaɓar masa, kuma abin zai bi shi har ƙofar jami'a. Hukumar JAMB darussa huɗu take jarrabawa a kai: Turanci dole ne, sai uku da suka dace da fannin da kake nema. Mai son likitanci sai ya rubuta Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Mai son injiniyanci sai Lissafi da Fizis da Kemistiri. A WAEC da NECO kuma darussan kimiyya suna da jarrabawar gwaji, wadda ke wahalar da duk wanda bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Ko ɓangaren adabin ma bai tsira ba, domin mai son zama lauya yana buƙatar Adabin Turanci, kuma ba kowace makaranta ke koyar da shi ba.

Ɗan mai hali idan ya tarar da haka, sai a canja masa makaranta ko a ɗaukar masa malamin lesin. Ɗan talaka sai dai ya haƙura. Yarinya kuwa, sau da yawa iyaye ba sa yarda ta yi nisa da gida, don haka abin da makarantar garinsu ke da shi, shi ne iyakar rabonta. Ba ƙwaƙwalwa ce ta raba yaran nan da na makarantar kimiyya ba, tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce.

Ƙannenmu 'yan aji uku, kada ku bari sai an rubuta sunayenku a rajista sannan ku fara tambaya. Tun yanzu ku bincika darussan da sana'ar da kuke buri take buƙata, ku tambayi shugaban makarantar da za ku shiga ko akwai malamansu. Ku nemi sanin lokacin da ake fitar da fom ɗin jarrabawar shiga makarantun kimiyya da fasaha na jiharku, ku sanar da iyayenku da wuri. Ajin adabi da na kasuwanci ba na raggwaye ba ne, daga can alƙalai da akantoci da 'yan jarida suke fitowa. Amma ya kamata mutum ya shige su don yana so, ba don babu malamin Fizis a garinsu ba.