Tawadar Da Ba A Yanke Wa Hukunci Ranar Farko

Tun da biro ya cika aljihun 'yan makaranta da ma'aikata, alƙalami mai shan tawada ya zama kayan 'yan tsiraru, wato waɗansu alƙalai da akawuna da dattawan malamai waɗanda har yanzu ba su yarda su sa hannu a muhimmiyar takarda da abin da ake saye a bakin titi ba. To, amma duk wanda ya riƙe irin wannan alƙalami ya san rabin aikinsa a cikin kwalba yake. Ko da bakinsa na zinariya ne, in aka ɗura masa tawadar banza, rubutun banza zai yi.

Daga cikin tawadar da ta daɗe a kasuwa akwai Pelikan 4001 Blue-Black, wadda wani kamfanin Jamus ke yi, kuma lambar nan 4001 tun ƙarshen ƙarni na 19 ake saninta. Mai gaggawa ba zai so ta ba. Da ta sauka a takarda sai a ga shuɗi mai ratsin toka, ba ƙyalli, ba ɗaukar ido, kamar rigar da ta sha wanki. In aka jera ta da shuɗiyar Parker Quink, wadda ta fito a 1931, yaro ma Quink zai nuna. Sai an bar rubutun ya kwana, ya sake kwana, sa'an nan a ga ya yi duhu ya zauna daram, har inda alƙalami ya tsaya a gindin harafi ya fi sauran wurin kauri.

Asirin ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa leƙa majema. Irin ruwan ɗacin nan da ake samu a 'ya'yan bagaruwa, in ya gamu da ƙarfe sai ya yi baƙi. Turawa daga wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itatuwa suke samun nasu, su haɗa shi da sinadarin ƙarfe. Haɗin ba shi da launin kirki a cikin kwalba, shi ya sa ake zuba masa shuɗin rini don marubuci ya ga abin da yake rubutawa. Iska ce ke ƙarasa aikin: tana taɓa ƙarfen sai ya baƙanta ya maƙale a cikin jikin takarda. Ta Pelikan ɗan kaɗan ne ƙarfen da ke cikinta, don haka ba ta komawa baƙa ƙirin, amma kaɗan ɗin ya isa.

Ga inda maganar take da nauyi. Takardar cinikin gona, ko ta rance, ko lissafin rabon gado, ba don ranar da aka rubuta su ake yin su ba, sai don ranar da shaidu suka ƙaura, gardama ta tashi, aka buɗe akwatin da ɗaki ya yi wa yoyo damina uku. Shuɗiyar tawada ta yau da kullum rini ce zalla, ruwa na taɓa ta sai ta bi shi. Ita kuwa wannan, in aka ɗiga mata ruwa bayan ta bushe, shuɗin zai ɗan malale, amma harafin zai tsaya da launin toka, a karanta suna, a karanta adadin kuɗi. Ba banza ba aka daɗe a Ingila ana tilasta wa masu rajistar haihuwa da aure da mutuwa yin aiki da irin wannan tawada mai ƙarfe.

Wajen gudu a takarda, marowaciya ce. Ba ta kwarara, kuma in alƙalami mai siririn baki ne wanda dama ba ya sakin tawada, sai a ji yana ƙartar takarda, rubutun ya fito a koɗe. Mai faɗin baki ta fi so. Sai dai rowar nan ita ce alherinta a kan takarda mai araha irin ta littafin 'yan makaranta: ba ta yin gashi a gefen harafi, ba ta cika ɓullowa ta baya ba, kuma tana saurin bushewa.

Akwai masu tsoron ta ci takarda, kuma tsoron yana da asali, domin tsohuwar tawadar ƙarfe ta huda wasu daga rubuce-rubucen mawaƙin nan Bach da ke ajiye a Balin. Amma waccan haɗin hannu ce mai tsananin tsami, ta zamani an sassauta ta ƙwarai. Abin da take bukata shi ne kada a bar ta ta bushe a cikin alƙalami, musamman da hunturu, lokacin da minti kaɗan ba marufi ya isa bakin ya ƙafe. A riƙa ɗauraye shi da ruwa mai tsabta duk bayan 'yan makonni, kada kuma a ɗura ta a kan ragowar wata tawadar.