Buhun Tattasai da Rajistar Ajina

Shekara 20 da ɗoriya ke nan ina riƙe da alli, tun da na fito daga makarantar horar da malamai. A can an koya mana tsara darasi da kiran suna, amma babu wanda ya gaya mini cewa wata rana farashin buhun tattasai ne zai nuna yara nawa zan tarar a aji.

Wanda ya san Diffa ya san noman tattasai ne ke riƙe da gidajen bakin kogin Komadugu. A shanya shi ya bushe ja wur, a ɗura a buhu, ƴan kasuwa su tsallaka da shi Najeriya ta Damasak zuwa Maiduguri. Da kuɗinsa ake sayen littafi da alƙalami, da shi ake ɗinka wa yaro rigar makaranta.

A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta kawo hari Diffa da Bosso. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin kifi da tattasai don kada kuɗin ya faɗa hannun ƴan ta'adda. Rai ya fi dukiya, wannan babu gardama. Sai dai ni a rajista na ga sakamakon. Akwai wani yaro a ajina na CM2 wanda babu kamarsa a lissafi. Ya yi mako biyu bai zo ba, sai na bi shi gida. Mahaifinsa ya buɗe mini ɗaki cike da buhuna, ya ce, "Mushe, ga dukiya jibge, amma ko kuɗin sabulu babu. Yaron yana tura baro a kasuwa, da abin da ya samo muke tuwon dare." Na ce, "Baba, saura wata uku a gama shekara, a yi haƙuri." Ya ce, "Mushe, ciki ba ya jiran jarabawa." Yaron bai dawo ba.

Daga baya an ɗage haramcin, amma kasuwar ba ta huta ba. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta. Ga faɗuwar naira, wadda da ita ake yawan ciniki a nan, ga ambaliyar Komadugu da ke cinye gonaki. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, kujerun bayan aji ne ke fara zama wayam.

Shi ya sa na fara kula da wata ma'aikata da a da nake ɗauka ta manyan attajirai ce kaɗai, wato ma'aikatar kasuwanci da ke Yamai, nisan fiye da kilomita 1,300 daga nan. Ita ke tsara dokokin shigo da kaya da fitar da su, ita ke sa ido kan farashi, kuma tana da ofishi a jihohi. Ɓangaren aikin yi kuma yana da hukumar ANPE, wadda aka kafa a 1996 don rajistar masu neman aiki da haɗa su da masu ɗauka. Iyaye da yawa ba su taɓa jin sunanta ba.

Abin da nake so mu nema a wurinsu ba shi da yawa. A taimaka wa ƙungiyoyin manoma da rumbunan ajiya, don kada manomi ya karyar da tattasainsa ga wanda ya ba shi bashin taki. A samar da injinan niƙa da ƙunshewa a nan Diffa, a buɗe masa hanya zuwa Damagaram, Maraɗi da Yamai, domin kayan da ke da ƙofa ɗaya tak, ranar da aka rufe ta ya zama kayan kallo. Sannan a haɗa cibiyoyin koyon sana'a da ayyukan da ke akwai. Man Agadem a jiharmu yake fitowa, ya kamata ƴaƴanmu su sami horon da zai kai su can.

Mu malamai kuma akwai namu. Duk yaron da ya daina zuwa, mu rubuta dalili, ba alamar fashi kawai ba. Mu kai wannan lissafi taron iyayen yara, mu gayyaci jami'an kasuwanci da na aikin yi na jiha su zo su saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma idan ba mu faɗa ba, Yamai ba za ta ji ba.

Kwanan baya na haɗu da tsohon ɗalibin nan a kasuwa, ya zama saurayi, yana lodin buhuna. Kafin mai kaya ya gama danna waya, shi ya riga ya juya naira zuwa sefa a ka. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Mushe, ƙanwata tana makarantarku bana. Don Allah a riƙe ta." Na ce masa in sha Allahu, duk da na san rabin wannan alkawari ba a hannuna yake ba.