Manɗiƙi Ba Baƙo Ba Ne a Ƙasar Hausa

Sau da yawa idan muka shiga muhawara a wannan Sashe a kan kalmomin fannu, nakan ji ɗalibai 'yan'uwana suna cewa Hausa ba ta da kalmomin ilmin tunani, sai an ƙago su daga Turanci. Ni kuwa ban yarda ba.

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shehu Magili ya zo Kano da Katsina. Shi ne ya yi musayar baitoci da Shehu Suyuɗi na Masar, wanda ya haramta manɗiƙi, Magili kuwa ya kare shi. Daga baya littafin Sullamu na Ahdari, wanda aka wallafa a shekarar 941 ta Hijira, ya shiga zaurukan malamanmu. Da shi kalmomi suka shigo.

Tasawwuri shi ne fahimtar abu ba tare da yanke masa hukunci ba, kamar a ce "gero". Tasdiƙi kuwa shi ne yanke hukuncin, kamar a ce "gero hatsi ne". Irin wannan magana da za ta iya zama gaskiya ko ƙarya ita ce ƙadiyya. Idan aka haɗa ƙadiyya biyu, watau muƙaddimomi, suka haifi ta uku, an yi ƙiyasi, abin da aka haifa kuma natija ce.

Bari in buga misali da garinmu. Duk mutumin Achilafiya ɗan masarautar Kazaure ne. Wane mutumin Achilafiya ne. Ashe wane ɗan masarautar Kazaure ne. Wannan ƙiyasi ya inganta. Amma idan aka ce wane ɗan masarautar Kazaure ne, saboda haka mutumin Achilafiya ne, an yi tuntuɓe, domin yana iya zama mutumin Roni ko Gwiwa. Muƙaddimomin duka gaskiya ne, amma ba su haifi natijar ba. Da irin wannan ruɗu ake shafa wa gari guda laifin mutum ɗaya, da shi kuma ake cin mu a muhawara.

Saboda haka roƙona ga malamanmu shi ne, kafin a zauna ƙirƙirar sababbin kalmomi, a tura mu zaure mu tattaro waɗanda ke akwai. Idan muka yi sakaci, ɗalibin jami'a da almajirin zaure za su karanci ilmi ɗaya amma su kasa fahimtar juna.