Wasiƙa zuwa ga ƙanena, mai bishara a Gulbin Kaba

Tasawa, jihar Maradi

Ƙanena abin ƙaunata,

 Yaya amarya da baƙunta? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa tunawa da ita cikin addu'a, ƙafar nan tana damunta har yanzu.

Saƙonka ya iso ni. Ka ce ka buɗe ajin manya, makon farko majami'a ta cika, yanzu kuwa mutum huɗu ke zuwa, har ka fara zaton mutanen ƙauyen ba su ƙishin Maganar Allah. Don Allah kada ka ɗora musu wannan laifi. Abin da ya same ka ya same ni shekarar da na fara. Na fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye da kaina cike da darussa, na kafa allo, na ɗauki alli, ina shifta suna kallona. Ashe yawancinsu ba su taɓa taka lakkwal ba. Kunya ce ta kore su, domin dattijo mai furfura ba ya son a ga gazawarsa gaban surukinsa.

Wadda ta buɗe mini ido wata tsohuwa ce mai saƙar tabarma. Na iske ta a ƙofar gida, kaba jiƙe cikin ƙwarya, yatsunta na ta aiki, tana ba jikokinta labarin ɗan nan da ya ɓarnatar da gādonsa ya komo wurin mahaifinsa. Sau ɗaya ta ji shi a bakina, amma ba ta bar ko gaɓa guda ba, har muryar yayan da ya yi fushi sai da ta kwaikwaya. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ga shi ta fi ni iya koyarwa. Tun ranar na gane darasi ɗaya ne, ƙofofin shigarsa ne da yawa.

Akwai masu ɗauka da kunne. Su ka ba su labari da baki, littafi a rufe, sannan ka ce wani ya maimaita, saura su gyara masa. Ka sa musu karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa a katin waya, su saurara a gona ko bakin rijiya. Akwai masu ɗauka da waƙa, kuma ka san ƴan Zumuntar Mata ba su da na biyu a nan. Ka ba su aya ɗaya ranar Lahadi, kafin wata Lahadin sun sa mata murya da ganga, har yara na rera ta a hanya.

Akwai kuma waɗanda sai sun gani sun taɓa. Ka tuna yadda sassabin zamani ya bazu. Tun da Tony Rinaudo na mishan SIM ya fara shi wajen Maradi a 1983, manomi ya ga maƙwabcinsa ya bar tohon kututture ya zama itace, gero kuma bai ragu ba, shi ma ya gwada. Haka ƙauyuka irin Ɗan Saga suka koma kore. Gani ya kori ji. In za ka koyar da misalin mai shuka, fita da su bayan majami'a da iri a hannu, a watsa kan hanya, a watsa kan fako, a watsa cikin ƙaya da jigawa, bayan kwana goma a komo a duba. Ba mai manta wannan darasi.

Masu son karatu kuwa kada ka bar su. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma iyayenmu da yawa ta dalilinsa suka koyi boko. Ka ware musu ajin yaƙi da jahilci dabam, maza dabam mata dabam, don kowa ya sake. Wanda ya yi makarantar allo yana yaro ka girmama abin da ya zo da shi: yana da ajami, yana da ƙarfin hadda, zai iya zama mataimakinka.

Sai batun lokaci, wanda shi ya fi kayar da mu. Ka tsara shekararka bisa gona. Da damina maza suna gida amma noma ya cinye ƙarfinsu, sai darasi gajere bayan sujada. Da an ɗaure dammuna, samari za su watse cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya. Saboda haka makonnin kaka su ne zinariyarka, ka ba matafiya guzurin da za su riƙe a waya da zuciya. Rani na mata ne da tsofaffi, amma ka tambaye su sa'ar da suke gama daka da ɗiban ruwa, kada ka yanke musu da kanka. Ranar kasuwa kuwa ka bar ta ga kasuwa.

Ka zauna da dattawan ikilisiya da shugabar mata kafin ka sake buɗe ajin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum huɗun nan da suka rage kuma ka riƙe su da kyau, ka bi sauran gida gida ka gaishe su, ba tare da ƙorafi ba. Cikinsu akwai irin tsohuwar nan tawa, tana jiran a ba ta labari ta kai shi inda ƙafarka ba za ta kai ba.

In Allah ya kai mu kaka zan biyo ta Mayahi in kwana biyu wurinku, in zauna a bayan aji kan tabarma in saurara. Ka gaida amarya da dukan ƴan'uwa. Ubangiji ya ƙarfafa ka.

Ni ne naka,
Yayanka